Na Halatta Ƙwaya, Na Haramta Man Shanu

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya san abin da ke gudana cikin jijiya kamar yadda Ya san abin da bawa ke ɓoyewa a ƙirji. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Fiye da shekara arba'in ke nan ina zaune a zauren gidana a Birnin Kudu ina karantar da fiƙihu. A cikin waɗannan shekaru na amsa tambayoyin da ban san adadinsu ba, na tsarki da na gado da na iyakar gona, kuma ba na shakkar cewa na yi kuskure a wasu. Amma fatawar da ta fi kowacce nauyi a wuyana ita ce mafi gajarta. Ban buɗe littafi a kanta ba, ban kuma bari ta kwana ba kamar yadda na saba. Jikata na yi wa ita, tsakanin la'asar da magariba.

Jikar nan 'yar babban ɗana ce, wanda ke noma a Gwaram. Sunan mahaifiyata aka raɗa mata, saboda haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. Uwata nake ce mata, ita kuma idan wasan jika da kaka ya motsa sai ta kira ni ɗan nan. Tana da shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, da ya sake ta sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Shan inna ne. Aka kawo mana ita don asibiti ya fi kusa da mu, ta zauna a hannun mai ɗakina, Hajiya, ba ta sake komawa ba.

Dole in faɗi wani abu a nan, don ba za a fahimci sauran ba sai da shi. A shekarun da aka yi ta jita-jita a kan rigakafin da ake ɗiga wa yara a baki, ina cikin waɗanda suka gaskata. Ban hau mumbari a kai ba, amma na aika wa ɗana cewa idan masu ɗigon sun zo kada a fito musu da yarinyar. Ya bi maganata. Tun daga ranar da ta kwanta har yau, shi bai ce ni ne ba, matarsa ma ba ta ce ba. Ƙaddara suka kira abin, kuma ƙaddara ce. Sai dai na san ta wane baki ta biyo. Daga wannan lokaci, duk abin da yarinyar nan ta roƙe ni, kafin ta rufe baki zuciyata ta riga ta amsa.

Abin da ƙafa ta rasa sai ya tattara a kafaɗa. Da hannu take tuƙa kekenta zuwa makaranta, da hannu take jan guga tana zaune a bakin rijiya, kuma idan ta durƙusa gaban turmi sai matan maƙwabta su kawo nasu hatsin suna yi mata kirari. Tana da shekara sha takwas wata mata mai kula da wasannin naƙasassu ta gan ta tana ɗora jarkar ruwa a keke da hannu ɗaya. Matar ta biyo ta har gida ta yi sallama da ni. Ta ce akwai gasar ɗaga ƙarfe da mata irin Uwata ke shiga: mutum ya kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da sandar ƙarfe zuwa ƙirji, sannan ya tura ta sama. Na gindaya sharuɗa, na sutura da na salla da na cewa mace ce za ta riƙa taɓa jikinta in buƙatar gyara ta taso. Aka yarda. Ta fara zuwa Dutse horo, wani mai walda kuma ya ƙera mata benci da sanda, muka ajiye a inuwar darbejiyar tsakar gida.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Yarinyar da ake wa kallon tausayi ta zama wadda ake leƙowa ta kan katanga a kalla. Ga shi kuma ba ta saki karatu ba. Ta haddace izu arba'in a hannuna, kuma Allah Ya ba ta murya siririya mai zaƙi, irin wadda idan tana tilawa bayan asuba Hajiya kan dakata da hura wuta ta saurara.

A shekararta ta biyu a wasan, ran nan bayan ɗalibai sun watse, ta turo kekenta har bakin zaure ta sauko ta zauna a gefen buzuna. Ta fito da wata 'yar kwalba fara daga cikin hijabi. Ta ce wani mutum da ke zuwa wurin horonsu, ba cikin ma'aikata yake ba, shi ke sayar wa 'yan wasa; ya ce ƙwayar gina jiki ce, tana ƙara tsoka da ƙarfi, kuma duk waɗanda ake gani suna cin gasa ita suke sha. Ta ce ta saya amma ba ta sha ba tukuna, don ta ji tsoron kada ta zama cikin ƙwayoyin da samari ke lalacewa da su.

"Ɗan nan, duba mini. In haramun ce in jefa ta a masai."

Ku dubi wannan tarbiyya. Yarinya ta riƙe abu kwana uku ba ta kai shi baki ba sai ta tambaya. Ita ta sauke abin da ke kanta.

Ni kuwa na karɓi kwalbar na juya ta. Rubutun jikinta na boko ne, ƙanana, ba na karanta shi. Na zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannu, na sunsuna, na ɗan taɓa ta da harshe. Sannan na yi mata tambayoyin da na saba yi a kan duk abin ci ko sha. Tana gusar da hankali? Ta ce waɗanda ke sha garau suke, suna salla. An ce da naman alade ko mushe ko jini aka haɗa ta? Ta ce ba ta ji haka ba. Na sata ce? Ta yi dariya ta ce da kuɗin kyautarta ta saya. Sai na jawo mata ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani, cewa asalin abubuwa halacci ne har sai dalilin hani ya zo. Na ce ta sha da bisimilla. Har na ƙara da cewa idan azumi ya zo ta mayar da ita lokacin sahur.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ke zaune kusa da waccan, wadda na karantar sau ɗaruruwa, cewa abin da ke cutarwa ana kawar da shi, kuma ba a sanin cutar abu sai ta bakin masana abin. Ban jawo ta ba. Malamina da na yi karatu a gabansa a Maruta, Allah Ya jiƙansa, yakan ce malamin da ya manta yadda ake cewa ban sani ba ya kusa halaka mutane. Tsakanin zaurena da asibiti tafiyar da ba ta kai ta karanta izu ɗaya ba ce. Amma na ga yadda idonta ke kan bakina, na tuna cewa na taɓa hana ta wani magani, sai na kasa hana ta wannan.

Cikin wata uku aka ga aiki. Kafaɗunta suka cika riga, mai walda ya ƙaro mata faifan ƙarfe biyu. Ta je wata gasa ta dawo da lambar yabo, na rataye ta a zaure kusa da allunan ɗalibai, abin da ban taɓa yi wa shaidar karatun 'ya'yana ba. Ƙuraje suka feso mata a fuska da baya, muka ce zafi ne. Muryarta ta fara dushewa, muka ce sanyi ne, na haɗa mata zuma da citta da kanumfari.

Hajiya ce ta fara gani. Bayan sallar azumi da kwana biyu ta same ni a turaka ta ce tana da magana. Ta ce yarinyar nan ta yi azumi talatin cur ba ta sha ko ɗaya ba, kuma rabon da ta ga ta yi fashin salla an yi wata huɗu. Ni da ke karantar da babin haila ga manyan mutane, in tsattsage musu kwanaki da launuka ba tare da na sunkuyar da kai ba, sai kunya ta kama ni a kan jikata. Na ce wannan sha'anin mata ne, wahalar horo ce, zai daidaita. Allah Ya gafarta mini, har wani ɓangare na zuciyata ya yi murna da ta samu watan a cike.

Da damina ta kusa aka ce duk wadda za ta shiga babban sansanin horo sai ta kawo takardar gwajin lafiya. Na raka ta asibitin garinmu, aka ɗebi jini, bayan kwana biyu muka koma. Likitan saurayi ne mai ladabi. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ɗaga kai ya kalli Uwata, ya sake kallon takardar, sannan ya zagaye layi biyu da jan biro. Ya ce maiƙon da ke cikin jininta, wanda suke kira kolestarol, ba daidai yake ba, kuma irin wannan sakamako ya fi kama da na dattijo mai teɓa, ba na budurwa 'yar ashirin ba. Ya tambaye ta ko akwai wani magani da take sha.

Ni na amsa. A al'adarmu idan babba ya raka yarinya gaban baƙo, shi ke magana, ita ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ba ta shan komai, likita. Lafiyarta ƙalau."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa a fahimtata magani shi ne abin da maras lafiya ke sha, don haka ban yi ƙarya ba. Wannan hila ce irin ta malamai, kuma na san hila idan na gan ta. Gaskiyar ita ce kwalbar ta faɗo mini a rai a daidai lokacin da yake tambayar, na ture ta gefe. Uwata ta ɗan ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Ba za ta ƙaryata ni a gaban mutum ba. Likitan ya ce to a rage mata maiƙo a abinci, mu dawo bayan wata uku a sake aunawa, kuma ba zai sa hannu a takardar sansani ba sai ya ga canji.

Na fito da abin da nake so in ji. Maiƙo a jini, ai daga maiƙon baki yake zuwa. Haka hankalina ya ba ni, kuma haka na ɗauka na ji an faɗa. Gidanmu kuwa gidan man shanu ne. Hajiya 'yar garin Sara ce, mutanenta masu shanu ne, ƙaninta kuma duk wata yakan ɗauro mana ƙwarya cike a bayan babur, ta soya shi da albasa har ƙamshin ya kai bakin titi. Tun Uwata tana ƙarama take zuba mata cokali biyu a tuwo, ta ce ƙashin da ya rage shi za a ciyar. A ranar na kafa doka. Babu man shanu, babu ƙwai, babu kindirmo, babu ƙuli. Na sa a riƙa dafa mata zogale, ta haɗiyi tafarnuwa da safe, ta sha habbatus sauda da zuma. Ƙwayar kuwa tana nan a kan tagarta, kullum ɗaya bayan karin kumallo, da bisimilla.

Da ƙanin Hajiya ya zo da ƙwaryarsa a ƙarshen wata, a zaure na tare shi. Mutum ne mai furfura, ya yi tafiyar safe a kan hanya mai laka. Na ce masa ya koma da ita, abin nan ne ke neman kashe mana yarinya. Ya sake naɗe ƙwaryar da tsumma, ya ɗaure a babur, ya shiga ya gaida yayarsa a tsaye ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Hajiya ba mai ɗaga murya ba ce. Ta bari sai da na zauna cin abinci, ta ajiye mini tuwo da miyar kuka salam, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, uwata ta sha man shanu har ta haura tamanin tana tatsa da hannunta. Ni na sha, 'ya'yanka sun sha. Ciwon nan ba daga ƙwaryata ya fito ba. Ka duba abin da ya shigo gidan nan bana wanda bara babu shi."

Na ce mata likita ne ya faɗa, ba ni ba. Ta ce, "To, Allah Ya ba mu lafiya," ta tashi. Wata uku muka yi a haka. Gidan duka ya koma cin lami, don Hajiya ta ce ba za ta zuba wa kowa abin da aka ce ta kashe jika da shi ba. Uwata tana ta yi mana wasa don ta sassauta, ta ce ɗan nan ya mayar da uwarsa akuya, kullum ganye. Amma muryar da take wasan da ita ta ƙara kauri, har wata safiya na ji tilawa daga cikin gida na tsaya ina tunanin wane ɗalibi ne ya shige mini ba sallama.

Da muka koma asibiti wata likita muka tarar, mace mai matsakaicin shekaru, da gilashi a ido. Ta ɗora sabuwar takarda kusa da tsohuwa. Maimakon sauƙi, abin ya ƙara lalacewa, kuma gwajin hanta ma ya fara nuna alama. Ta gaida Uwata, Uwata ta amsa. Na ga likitar ta dakata da jin muryar, ta dubi haɓarta, ta dubi kafaɗunta. Na buɗe baki zan fara bayanin zogale da tafarnuwa, sai ta ce cikin girmamawa, "Baba, ɗan ba mu wuri, za mu yi maganar mata."

Na zauna a benci a waje tsakanin masu jiran layi, carbi a hannu, ban iya jan ko ɗaya ba. Da aka kira ni na shiga, kwalbar tana kan tebur. Ashe ta taho da ita a jakarta.

Likitar ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa sabon ɗalibi. Ta ce ƙwayar nan kwaikwayon sinadarin da Allah Ya halitta a jikin namiji ce, shi ya sa take gina tsoka, shi ya sa kuma ta tsayar da al'ada ta kumbura maƙogwaro. Ta ce maiƙon jini iri biyu ne. Ɗaya yana bin jijiya yana manne wa bangonta kamar yadda laka ke taruwa a kwata. Ɗayan kuma aikinsa yasa ne, yana kwashe abin da ya taru ya mayar wa hanta. Mace mai ƙuruciya Allah Ya hore mata mai yasar da yawa, fiye da namiji, kariya ce a gare ta. To ƙwayar da ake haɗiya ta hanta take fara bi, sai ta sa hanta ta riƙa rushe mai yasar tana barin mai toshewar ya yawaita. Ta nuna mini layin da jan biro: na Uwata ya kusa ƙarewa. Ta ce abin ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, mutum yana ganin kansa ƙaƙƙarfa har ranar da jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa za ta toshe. Ta ce ko ruwa da ganye kawai yarinyar za ta ci, muddin tana haɗiyar wannan, takardar ba za ta gyaru ba. Ta ƙara da cewa su kansu masu shirya gasa sun hana ta, da an auna fitsarinta da an kore ta da kunya.

Na tambaye ta man shanu fa. Ta ce yawansa ba shi da kyau ga kowa, amma ba shi ya yi wannan ba.

Sannan ta juya ga Uwata ta tambaye ta, ba da faɗa ba, wa ya ce mata ta sha, kuma babu wani babba da ta nuna wa kafin ta fara?

Ina zaune a kujera, rawanina a kaina, hannuna a kan sanda. Uwata ta kalli cinyarta ta ce, "Ni na sa kaina. Babu wanda ya sani."

Na ji ta, kuma na bar maganar ta zauna. Likitar har ta dube ni ta ce in yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a, kada in tsananta mata a gida. Na gyaɗa kai. Na karɓi haƙurin da aka ba ni a kan laifin da ni na yi. A cikin duk abin da na lissafa a wannan rubutu, wannan gyaɗa kan ne ba na son tunawa idan na ɗaga hannu zan yi kabbara.

A hanyar gida ina tafe a gefen kekenta, har muka kusa kwanar unguwarmu. Na ce mata me ya sa ta faɗi abin da ba haka ba. Ta ce, ba ta dube ni ba, uwa ba ta tona asirin ɗanta a gaban mutane. Ta so ta mayar da shi wasa, amma muryar ta ƙi.

Da muka shiga na kira Hajiya tsakar gida, a gaban yarinyar, na faɗa mata komai tun daga ranar kwalba. Na ce na zalunce ta, na zalunci ɗan'uwanta. Ta saurara har na gama. Abin da ta ce kawai shi ne Sara ba nisa, kuma motar Gwaram tana tashi da hantsi. Washegari na hau ta. Na sami ƙanin nata a bakin garke, na ba shi haƙuri a gaban 'ya'yansa. Ya ce babu komai, ya sa aka dama mini fura, amma da na tashi tafiya bai ba ni ƙwarya ba. Sai bayan wata biyu ya sake zuwa da ita da kansa. Daga can na wuce wurin ɗana na gaya masa. Ya ce, "Baba, Allah Ya kiyaye gaba." A wannan karon na so a ce ya faɗi fiye da haka.

Akwai sauran abin da ban sani ba. Da na dawo Uwata ta gaya mini cewa 'yan mata uku a wurin horonsu sun daɗe suna jin tsoron ƙwayar, ba su fara ba sai da ta ce musu kakanta malami ne kuma ya ce halal ce. Fatawar da na yi a zaure ba tare da na buɗe littafi ba ta yi tafiya har gidajen da ban san ƙofarsu ba. Na ce ta kawo wayarta. Ta riƙe mini ita a saitin baki, na yi sallama, na ce ni ne tsohon da aka ce ya halatta, na yi magana a kan abin da ban sani ba, na janye. Duk wadda ke sha ta je asibiti a auna jininta, ta tafi da kwalbar a hannu, kuma ta amsa tambayar likita da bakinta. Biyu sun aiko da amsa cewa sun daina. Ta ukun ta saurari saƙon, an ga alamar ta saurara, ba ta ce komai ba, daga baya ma ta bar zuwa horo a nan. Har yau ina sa ta a addu'a ba tare da na san fuskarta ba.

Uwata ta daina ƙwayar a ƙarƙashin kulawar likitar. Sansanin ya wuce ta a shekarar. Ƙarfinta ya ragu, na ga ranar da ta zare faifai biyun nan daga sanda ta jingine su a gindin darbejiya, ta kwanta ta ɗaga abin da ya saura. Bayan wata biyu Hajiya ta gaya mini a taƙaice cewa yarinya ta yi fashin salla, muka yi hamdala.

Da lokacin gwaji na uku ya yi na sake raka ta. Tun kafin a ce in fita na tsaya a bakin ƙofa na ce ina da magana ɗaya. Na gaya wa likitar cewa ranar nan yarinyar ta rufa mini asiri ne. Ta kawo mini kwalbar kafin ta sha, ni na ce ta sha, kuma ni na ce wa likitan farko ba ta shan komai alhali na sani. Likitar ta cire gilashinta ta dube ni. Ba ta ce babu komai ba, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Ta ce in zauna. Ta juyo da takardar ta nuna mana: mai yasar ya farfaɗo, bai kai inda ake so ba amma yana hawa, mai toshewar ya sauka, hanta ta huce. Na tambaye ta abin da ya riga ya manne a jijiya cikin watannin nan, har da ukun da na ƙara mata da bakina. Ta ce wannan ba wanda zai iya gaya mini. Yarinya ce, ana kyautata zato, amma za a riƙa aunawa duk shekara. Na tambaye ta murya. Ta ce galibi ita ba ta komawa.

Ba ta koma ba. Uwata ta sauke haddarta bara da wannan muryar, a gaban mata cike da tsakar gida, ni ina zaure ina ji ta bayan katanga. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ranar da ƙanin Hajiya ya dawo da ƙwaryarsa, ta soya man da albasa kamar da, ƙamshi ya cika gidan. Aka zuba tuwo, ina zaune a tabarma, Uwata tana gefe. Hajiya ta ɗebo man a cokali ta tsayar da shi a saman kwanon yarinyar, ta juyo ta dube ni.

"Malam, ya halatta?"

Na ce, "Ban sani ba. Uwata, me likita ta ce?"

"Cokali ɗaya," in ji ta. "Shi kuma ɗan nan rabi, don ba a auna nasa jinin ba tukuna."

Hajiya ta zuba mata ɗaya, ta zuba mini rabi.